Giram Shida da La'asar ɗin Talata

Malam Hammawa bai taɓa ɗaura agogo a hannunsa ba, kuma bai ga abin da ya rasa ba. Shekara arba'in yana ƙirar fari a zauren gidansa da ke Azare, zobba da 'yan kunne da awarwaro, daga baya kuma ya koyi yi wa tagulla ruwan azurfa da batir. Aikin ba shi da wani sirri mai yawa. Akwai bahon roba cike da ruwan magani, wanda ko kaza ba a bari ta matso kusa da shi. A rataye guntun azurfa a jar waya, a rataye kayan da za a yi wa ruwa a baƙar waya, a tsoma su, a kunna. Akwatin wutar yana da allura, shi kuwa ya daɗe da sa ƙusa ya ja zane a kan lamba biyu, ya ɗaure maballin da zare don kada ya motsa.

Lokaci kuma ladan ne ke riƙe masa. In an idar da Azahar ya dawo ya tsoma kaya, in ladan ya kira La'asar ya tsamo. Azurfa ta ragu da giram goma sha shida, ta koma jikin tagulla. Haka take yi tun Saliha tana rarrafe.

Saliha 'yarsa ce ta uku, mai sunan mahaifiyarsa, don haka Uwata yake ce mata. Ta karanci kimiyyar sinadarai ta dawo da takardar digiri, ta sa ta a leda ta ajiye ƙarƙashin akwati, yau shekara uku. Tana koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi wadda ba ta da ɗakin gwaji, duk gwajin da za ta yi da alli take yinsa a jikin allo. 'Yan layinsu suna kiranta Malama Sinadari. Ba yabo ba ne, ta kuma sani, amma takan amsa da ƙarfi yadda na nesa ma zai ji. Sau biyu ta taɓa neman mahaifinta ya bar ta ta duba bahon nan. Sau biyu ya ce mata boko daban, sana'a daban.

A cikin watan Agusta Hajiya Kellu ta zo daga Udubo da munduwar mahaifiyarta. Tsohuwar azurfa ce, mai kauri, duk da ta sha ƙafa har ta yi sumul. Ta kuma zo da awarwaron tagulla goma sha biyu, a yi musu ruwa da azurfar munduwar. Jikokinta mata goma sha biyu ne, tana son kowacce ta ɗauki wani abu na mahaifiyar kakarta a hannu, sauran munduwar kuma ta koma da ita gida. Aka ɗora munduwa a ƙaramin sikeli irin na masu gwal, a gaban Hajiya da wani maƙeri maƙwabci. Giram ɗari da arba'in.

"Sha shida za ta ci," in ji Malam Hammawa. "Ɗari da ashirin da huɗu za ki koma da shi."

"Ka tabbata, Malam?"

"Hajiya, abin da take ci ke nan. Ba ta taɓa ƙarawa ba."

Ran Talata ya yi aikin. Ran Laraba Hajiya ta dawo, awarwaro suna walƙiya a kan farin ƙyalle, aka mayar da munduwa kan sikeli. Ɗari da goma sha takwas.

Malam Hammawa ya sauke ta, ya hura sikelin, ya goge shi da hannun riga, ya sake ɗorawa. Ɗari da goma sha takwas. Aka aro sikelin maƙwabci. Shi ma bai ce komai daban ba.

Hajiya Kellu ba ta ɗaga murya ba. Ta faɗi lambobin sau uku, a hankali, kamar mai koya wa wani. Ta ƙulle munduwar a gefen mayafinta, ta bar awarwaron a nan, ta wuce gidan sarkin maƙeran layin. Aka sa zama ran Asabar da hantsi.

Giram shida ba wani abu ba ne mai cika tafin hannu. Amma maƙerin fari ba shi da wani jari sai abu ɗaya: mace ta kwance ƙullin mayafi ta miƙa masa abin uwarta, ta juya baya ta tafi. In aka ce ya kankare ko ƙwaya ɗaya, shi ke nan, ba wanda zai kore shi daga zaurensa, zai dai zauna a ciki shi da guduma har Allah ya karɓi ransa. Tun daga yammacin Laraba Malam Hammawa ya bar sahun gaba a masallaci ya koma bayan ginshiƙi. Tuwon da matarsa Inna Yelwa ta kai masa zaure ya dawo yadda ya tafi, sai gurbin yatsu biyu a gefe.

Ran Alhamis da safe Saliha ta same shi yana tankaɗe sharar zaure da rariya.

"Baba, me kake nema?"

"Abin mutane."

"Ka samu?"

"Na samu allura biyu da haƙorin akuya." Ya ajiye rariyar. "Ran Asabar zan ba ta haƙuri, Uwata. In ce kuskure ne."

"Kuskuren me?"

"Ban sani ba. Haƙuri dai."

"Baba, in ka ba da haƙuri a kan wannan, daidai yake da ka ce ka ɗauka."

"Ke ba a sa ki a ciki ba."

Saliha ta dubi akwatin wutar, ta ga zaren yana nan a ɗaure da tsohon ƙullinsa, ta fita.

A makaranta, lokacin hutun tara, ta juya bayan takardar jarrabawar wata ɗaliba ta fara. Abin da take koya wa 'yan aji biyar ne kowace shekara, suna hamma. Azurfa ba ta tashi daga wannan waya zuwa waccan don ta ga dama. Wuta ce ke ɗaukarta, kuma a ƙidaye: kowace ƙwayar azurfa da ƙwayar wutarta guda. Kafin giram 107.9 ya tashi, sai wuta mai yawan kulom 96,500 ta ratsa ruwan. Kulom kuwa ƙarfin wuta ne sau daƙiƙoƙin da ta yi tana wucewa. Allurar Baba tana kan amfiya biyu, ƙarfin wutar ke nan. A masallacinsu ana idar da Azahar ƙarfe biyu, a kira La'asar ƙarfe huɗu, rani da damina. Awa biyu, daƙiƙa 7,200. Ta ninka, ta raba.

Giram 16.1.

Ta daɗe tana kallon lambar. Shekara huɗu ta yi a jami'a, tsohon nan da ƙusarsa da zarensa ya riga ta isa wurin da shekara ashirin. Abin ya ɗan ɓata mata rai.

Sai ta juya lissafin. Tunda giram ashirin da biyu ne ya tashi, wuta nawa ta wuce? Kulom 19,676. In allura ba ta motsa ba, a raba biyu: daƙiƙa 9,838. Minti ɗari da sittin da huɗu. Awa biyu da minti arba'in da huɗu.

Da aka tashi ta biya wurin wani mai gyaran rediyo ta aro ma'aunin wuta. Mahaifinta yana masallaci ta shiga zaure ta gwada akwatin, karo na farko a rayuwarta da ta taɓa shi. Amfiya biyu cif. Ta zauna a kan turmin da yake zama tana jiransa.

"Baba, na ga azurfar."

Ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa. "Tana ina?"

"Tana jikin awarwaron. Ran Talata ba a kira La'asar ƙarfe huɗu ba. Biyar saura kwata aka kira."

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Munduwar ce."

Malam Hammawa ya cire ɗaya takalmin a hankali. Ladansu Malam Bahauddeen ne, shekara talatin yana kiran salla a masallacin da ke manne da gidan, mutum ne da ake saita agogo da muryarsa. Lasifikarsa tana saman zauren nan daidai, kuma ita kaɗai Malam Hammawa ke ji, don guduma ta daɗe da cinye masa kunne. Sauran masallatan Azare ko duk sun haɗa baki, shi ba ruwansa. Ran Talata kuwa hadari ya rufe gari tun hantsi, ba inuwa balle a auna ta. Inna Yelwa ta tafi suna Shira, Saliha tana makaranta tana ƙarin darasi.

"Wato Malam Ladan kike cewa ya ci azurfa."

"Ban ce ya ci ba. Na ce ya makara."

"Ai wannan ya fi muni." Ya nuna ta da yatsa. "Kada in ji kin je kina tambayar mutane. Bawan Allah da furfurarsa, ki ɗauko shi da biro?"

"Ba zan tambayi kowa ba."

Ba ta kuwa tambaya ba. Ba don biyayya kaɗai ba. Gani take yi in ta nemi shaidar maƙwabta, ta nuna ke nan tana shakkar takardarta.

Ran Asabar zauren ya cika. Sarkin maƙera yana kan buzu, dattijo mai faɗin kafaɗa da agogo mai sarƙa wanda ya yi masa yawa. Maƙera biyar a gefensa. Malam Bahauddeen ma yana nan, don ba a zaman sulhu a layin ba tare da shi ba, shi ke buɗewa da addu'a. Hajiya Kellu tana kan tabarma daga gefe. Saliha ta fito da dogon hijabi ta zauna a bakin ƙofar cikin gida, inda ba za a ce ta shigo ba, ba kuma za a ce ba ta nan ba.

Hajiya ta faɗi lambobinta. Sarki ya juya ga Malam Hammawa. Tsohon ya gyara zama, ya sunkuyar da kai, ya fara: "Ranka ya daɗe, ni dai abin da zan ce, ɗan Adam..."

"Ranka ya daɗe, a ba ni izini," in ji Saliha.

"Uwata, koma ciki."

"Zan koma, Baba. In na gama."

Wani maƙeri ya ce, ba da ƙarfi sosai ba, "To, Malama Sinadari ta iso." Saliha ta ce, "Na'am, Kawu," da ƙarfi. Sarki ya ɗaga hannu ya ce ta faɗa.

Ta faɗa. Ba ta kawo kulom ba, ta san inda take. Ta ce akwatin Babanta a kan lamba biyu yana kwashe azurfa giram takwas da ɗan ɗoriya a kowace awa, ba ya ƙarawa don mai aiki ɓarawo ne, ba ya ragewa don mai aiki malami ne. In sha shida ta tashi, awa biyu aka yi. In ashirin da biyu ta tashi, awa biyu da minti arba'in da huɗu aka yi. Babanta kuwa ba ya tsamo kaya sai ladan ya kira.

Maƙera biyu da suka yi La'asar ɗin Talata a masallacin suka ga wani abu mai ban sha'awa a farcen ƙafafunsu. Malam Bahauddeen ya ci gaba da jan carbi.

"Malam Ladan?" in ji Sarki.

"Ranka ya daɗe, salla biyar a rana, shekara talatin. Ba kowacce mutum ke riƙewa ba."

"Ni ban zo shari'ar ladan ba," in ji Hajiya Kellu. "Ko ya makara ko bai makara ba, tsakaninsa da Ubangijinsa. 'Ya ce ta zo tsare ubanta, ko ni ce zan yi. Ta ji labari a gari, ta zauna da biro ta ƙera lamba ta zo daidai. Su 'yan boko ai lamba kamar ƙullun kunu take a hannunsu, in sun so kauri su sa kauri."

Sarki ya juya agogonsa a wuyan hannu. Sannan ya ce, "Ke 'yar nan, kin ce azurfa tana gaya miki lokaci."

"Tana faɗa, ranka ya daɗe."

"To za mu ji ta da kunnenmu. Kawo wayarki." Ta miƙa. "Za ki shiga ɗakin da ba taga. Mu za mu tsoma tawa azurfar lokacin da muka so, mu tsamo lokacin da muka so, ni zan riƙe agogo. In mun gama mu gaya miki abin da ta ragu, ke ki gaya mana minti nawa. In kin faɗa daidai, maganarki ta zauna. In kin kuskure, ubanki ya ƙarasa abin da ya fara faɗa."

Malam Hammawa ya ɗago ya dube ta. Ba ta dube shi ba.

"Sharaɗi ɗaya," in ji ta. "Kada a taɓa zaren."

Ɗakin da ba taga a gidan guda ne, ɗakin gawayi. Hajiya Kellu ta ce ita za ta tsare ta, don ba ta yarda da ƙofar gidan mutane ba. Aka shigar musu da tabarma da kwanon ruwa, aka ja ƙofar langa-langa. Ruwa ya ɗauke tun jiya, rana ta fito da fushinta, kwanon rufin yana huci. Kafin wani lokaci hijabin Saliha ya manne mata a baya.

"Za ki narke a banza, 'yar boko," in ji Hajiya tana fifita da gefen mayafi.

"Tare za mu narke, Hajiya."

"Ni na saba. Shekara nawa ina tallar nono a rana kafin Allah ya hore min." Ta kurɓi ruwa. "Me ya sa ba ki yi aure ba?"

"Ina lissafawa tukuna."

"Har yanzu bai fito ba?"

"Yana fitowa. Amsar ce ba ta yi min ba."

Hajiya ta yi wani sauti ta hanci wanda bai kai dariya ba. Daga zaure ba a jin komai sai tari jefi-jefi. Saliha ta gane tun da wuri cewa ƙidayar lokaci a ka ba za ta yi mata amfani ba, tunda ba ta san sa'ad da za su tsoma ba, don haka ta bari. Ta zauna ƙafa a miƙe tana kallon zaren haske da ke shigowa ta hujin ƙusa. Wani ƙadangare ya leƙo, ya ga ba wurin zama ba ne, ya koma.

Can Hajiya ta kwance gefen mayafinta ta fito da munduwar, tana shafa ta a duhu.

"Da ita mahaifiyata ta taka daga Udubo har Katagum, tana goye da ni, shekarar da shanunmu suka mutu. An ce ta sayar ta ƙi. In tana tafiya ina jin ƙararta a jikin ɗayar. Ɗayar ƙanwata ta ɗauka, ta ɓatar." Ta juya munduwar a tafin hannu. "Ni ba giram na sani ba, 'yar nan. Na dai ɗaga ta na ji ba nauyin ƙafar Inna ba ne."

Saliha ta so ta ce ko sha shidan ma da ta ji bambanci. Ta haɗiye.

"Hajiya, ko ƙwaya ba ta bar zauren nan ba."

"Za mu gani."

Zufa ta gangaro wa Saliha cikin ido. Ruwan kwano ya ƙare, yawancinsa a cikin Hajiya. Ƙafarta ta dama ta mutu ta farfaɗo ta sake mutuwa. Ta tuna shekara ukun da takardarta ta yi a leda, da 'yan aji biyar masu hamma, da dukan wanda ya taɓa tambayarta wai karatun nata me yake gyarawa. Ba ta ji wani abu na musamman ba. Zafi dai take ji. Sau ɗaya Inna Yelwa ta zo bakin ƙofa ta ce, "Saliha, kina da rai?" Hajiya ta amsa mata, "Tana da shi, a bar mu."

Sai da Malam Bahauddeen ya kira Azahar, a kan kari, da wata irin murya mai kaifi, aka je aka yi salla aka dawo, sannan aka buɗe musu. Suka fito baƙi ƙirin da ƙurar gawayi, Hajiya tana dafa bango. Sun haura awa uku a ciki.

Sarki ya nuna sikeli. Guntuwar azurfarsa tana kai, wasu tsofaffin cokulan tagulla kuma suna gefe sun yi fari.

"Ta ragu da giram shida da ɗigo bakwai," in ji shi. "Mun ji ki."

Saliha ta nemi biro. Ba wanda ke da shi. Ta koma ɗakin ta ɗauko gawayi, ta durƙusa ta rubuta a daɓen zauren ubanta, a gaban maƙera shida da ladan. Shida da ɗigo bakwai, a raba da takwas da ɗigo sifili biyar. Ta ninka da sittin. Wani ya ce, "Ai awa uku ta yi a ciki, ta ce awa uku mana." Ba ta ɗago ba. Ta sake bin lissafin daga farko.

"Minti hamsin."

Sarki ya ɗaga gefen buzunsa ya zaro 'yar takarda da ya zauna a kai, ya miƙa wa maƙerin da ya kira ta Malama Sinadari. Mutumin ya karanta a ransa, ya sake karantawa, sannan ya ce, "An tsoma sha biyu da minti goma. An tsamo ƙarfe ɗaya."

Ba wanda ya yi kabbara. Wani ya yi gyaran murya. Malam Hammawa yana kallon rubutun gawayin da ke daɓensa kamar wanda aka ce masa ga ɗan'uwansa da bai taɓa gani ba.

Malam Bahauddeen ya sa carbinsa a aljihu.

"Ta'aziyya na je Bulkachuwa," in ji shi, yana kallon bango. "Na yi Azahar a nan na tafi, ina cewa zan dawo da wuri. Ruwa ya tare mu, babur ya sha ruwa ya mutu. Makullin akwatin lasifika kuma yana aljihuna. Da na iso na tarar da mutane a raɓe a baranda, ba wanda ya ce min komai. Na dubi agogo kafin in kira. Biyar saura kwata."

"Saura minti goma sha shida, Malam," in ji Saliha.

"Uwata!"

"Agogona yana gaba da minti ɗaya," in ji Malam Bahauddeen. "Da gangan nake barinsa haka." Ya juya ga Malam Hammawa. "Na ga ka koma bayan ginshiƙi, na kuwa ji dalili. Ban san akwatinka da muryata yake aiki ba. Da aka faɗa ɗazu kuma sai na ji nauyi. Ka yafe ni."

"Ni ma ban taɓa gaya maka ba," in ji Malam Hammawa. "Shekara ashirin kana yi min aiki."

Sarki ya ce to magana ta fito, Hammawa bai taɓa abin kowa ba, kuma duk wanda ya kai waccan maganar wani wuri ya koma ya kai wannan. Ya dubi maƙeran ɗaya bayan ɗaya har sai da kowa ya ce ya ji.

Hajiya Kellu ta jawo ƙyallen awarwaron gabanta. Ta ɗauki ɗaya ta auna a tafin hannu, ta kai shi kusa da ido.

"Wato tana nan."

"Rabin giram a kan kowanne, bayan wanda aka yi alkawari," in ji Saliha.

"To ni ban ce a ba su haka ba. A ciro min."

"Ana iyawa. A juya wayoyin, ja ta koma wurin baƙa, a ba shi minti arba'in da huɗu. Za ta koma jikin munduwar. Sai dai ba za ta yi sumul kamar da ba."

Hajiya ta dubi munduwar, ta dubi awarwaron. Ta daɗe. Sannan ta fara zura su a hannunta ɗaya bayan ɗaya har goma sha biyu, ta girgiza hannun, ta saurari ƙarar.

"A bar musu," in ji ta. "Dama ba su da nauyi, yaran." Ta miƙe da ƙyar, ta tsaya gaban Malam Hammawa. "Malam, na zarge ka a gaban mutane, ga shi ina janyewa a gabansu. Akwai 'yan kunnen ƙanwata, zan aiko da su." A bakin ƙofa ta waiwayo ta dubi Saliha daga sama har ƙasa. "Ke kuma je ki yi wanka."

Da La'asar Malam Hammawa ya koma sahun gaba. Da ya dawo ya cinye tuwon rana da ya huce, ya nemi ƙari. Inna Yelwa ta zo da tsintsiya za ta share daɓen zaure, ya ce ta bar wannan gefen tukuna.

Bai sayi agogo ba. Ran Litinin 'yan kunnen suka iso daga Udubo, a ƙulle a gefen tsumma. Da aka idar da Azahar ya dawo ya rataye su a baƙar waya, ya tsaya da hannu a kan makunni, sannan ya leƙa cikin gida.

"Uwata, kina nan?"

"Ina nan, Baba."

"Waɗannan ƙanana ne, sha shida ta yi musu yawa. In ina son giram uku fa?"

Saliha tana wanke kwanuka. Ba ta ko tsame hannu ba.

"Minti ashirin da biyu."

Ya yi ta tunanin wace salla ce ke da wannan tazarar. Bai samu ba.

"To zo ki zauna da wayar taki," in ji shi. "Amma kada ki taɓa zaren."